Amma da Kuma

Ƙarfe uku na rana, a Tromsø dare ya riga ya yi.
Mako shida ke nan rana ba ta leƙo mu ba.
Na sauka daga bas, ƙanƙara na kuka a ƙarƙashin takalmina,
yatsuna na ƙarnin kifin da na wuni ina fedewa.
Hawa na biyu, bayan ɗakin likitan haƙori:
kujeru takwas, butar gahawa,
da agogon da kullum ke gaba da minti huɗu.

Oddny ce ke jan zaman.
Takan kaɗa 'yar ƙararrawa, mu yi tsit,
kowa ya ƙirga numfashinsa kamar mai ƙirga canji.
Ni ban taɓa wuce shida ba
sai hankalina ya tsere wurin wayata.

Sai katin mako.
Fushi, huɗu. Kunya, biyar, don babu gurbin shida.
Ran Litinin na aika wa yayata Sunniva saƙo talatin da ɗaya
saboda ta yi awa biyu ba ta amsa ba.
Na farko: kina lafiya?
Na ƙarshe: ki ɗauka ba ki da ƙanwa.
Ashe ta kai yara iyo ne, waya na cikin jaka.

Likita ya raɗa wa abin suna mai tsawo.
Ni dai abin da na sani, fata ce ba ni da ita.
Iskar da ke shafar wasu, ni ƙona ni take yi.
Wanda na ɗora a kai da safe,
kafin yamma na haƙa masa rami a zuciya,
na zauna bakin ramin ina kewarsa.

Halvard, da ya yi shekara ashirin yana tuƙa jirgin fito,
ya ce: na yi ƙoƙari, amma na fasa faranti.
Oddny ta ce, cire amma.
Amma wuƙa ce, tana yanke duk abin da ya riga ta.
Sa kuma.
Ya dubi igiyar takalminsa.
Na yi ƙoƙari, kuma na fasa faranti.
Muka yi dariya, shi ma ya yi,
sai dariyar ta juye masa a maƙogwaro.
Ba wanda ya taɓa shi. Muka jira tare.

Kujerar Jorunn mako uku babu kowa.
Doka ta ce huɗu a jere, sai wani zagayen.
Ba ma ambaton sunanta,
sai dai kowa na satar kallon ƙofa,
ni kuma nakan zuba kofi ɗaya fiye da adadinmu.

An koya mana ruwan sanyi a fuska
idan wuta ta taso.
A garin da ƙanƙara ta fi gishiri araha!
Daren Alhamis Sunniva ta sake yin shiru.
Babban yatsana ya riga ya hau rubutu.
Na fita baranda ba takalmi,
na dumbuzo farin sanyi, na kifa fuskata ciki,
na ƙirga talatin.
Wutar ba ta mutu ba, kada in yi ƙarya.
Ta dai ja baya taku ɗaya,
daidai faɗin wurin da mutum zai tsaya.
Saƙo ɗaya na aika.
Na kwana ina juyi, ban ƙara ba.

Yau na karanta musu abin da na rubuta a bayan kati:
ina tsoron a bar ni, kuma na mayar da waya aljihu.
Oddny ba ta tafa ba, ta dai gyaɗa kai.
Halvard ya turo mini sukari.

An ce ƙarshen Janairu rana za ta dawo,
ranar farko minti kaɗan za ta yi a kan dutse ta koma.
Kofin Jorunn ya huce.
Akwai motsi a matakala,
wataƙila na masu ciwon haƙori ne.
Ban zubar ba tukuna.